Kemis, mai maganin gargajiya, lab ko asibitin gwamnati: ina za a fara zuwa bayan saduwa ba kwaroron roba?

Abin dai ya riga ya faru. Ko robar ce ta fashe, ko tun farko ba a sa ba, ko matar aure ce ta gano maigida yana leƙe-leƙe a waje, ko kuma wadda aka yi wa fin ƙarfi. Ni ba wa'azi na zo yi ba, akwai masu wannan aikin kuma sun fi ni iyawa. Abin da nake so mu duba shi ne inda mutum zai dosa washegari da safe in hankalinsa ya tashi, don a garuruwanmu ƙofa huɗu ce a gabansa, kemis ɗin bakin layi, mai maganin sanyi na tasha ko na Facebook, lab mai zaman kansa, sai asibitin gwamnati. Yawancin mutane haka suke bin su a jere, kemis farko asibiti ƙarshe, ni kuma a ganina baibai ake yi, amma bari in bi su ɗaya bayan ɗaya don kowacce akwai abin da take iyawa da wanda ko ta so ba za ta iya ba.

Kafin maganar wuri sai an yi maganar lokaci, don shi ne yake raba gardama. Kwana ukun farko ba lokacin gwaji ba ne, lokacin rigakafi ne. In ka je lab washegari ka ce a yi maka tes ɗin komai da komai, za su karɓi kuɗinka su ba ka takarda tas ba komai a ciki, kuma ba ƙarya suka yi ba, ƙwayar cutar ce ba ta kai yawan da za a gan ta ba, rizalt ɗin yana nuna halin da kake ciki ne kafin wannan daren. Abin da ake iya yi a waɗannan kwanakin shi ne PEP, wato maganin HIV ɗin nan dai da masu ɗauke da cutar suke sha, yawanci haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir a ƙwaya ɗaya wadda ma'aikatan asibiti suke ce wa TLD, ana shan ɗaya kullum har kwana 28 ba tsallake. In an fara cikin awa 72 yana hana ƙwayar cutar kafa kanta a jiki, kuma wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya kai rana ta uku samun kariya, bayan awa 72 kuwa ba a bayarwa don ba ya aiki. To kaga in daren Juma'a abin ya faru ka ce bari sai Litinin in an buɗe asibiti, ka cinye kusan duka lokacin kenan a zaune kana tunani. Ranar Asabar ɗin za ka tafi ɓangaren emajensi na babban asibiti ka ce PEP ka zo nema.

Ba kowa ne yake buƙatarsa ba fa. In mutumin da aka sadu da shi an san yana ɗauke da HIV amma yana shan magani yadda ya kamata har ƙwayar ta daina nunawa a gwajin jininsa, ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa, wannan an tabbatar da shi. In ba a san matsayinsa ba kuma yana hulɗa da mutane da yawa, ko saduwar ta dubura ce, ko akwai jini ko gyambo, ko fyaɗe ne, nan kam ba jira. Za su fara gwada ka da ɗan tsinken nan da ake ɗiga jinin yatsa, minti goma sha biyar zuwa ashirin an gama, dalili kuwa in dama kana ɗauke da ita tun da can ba maganin kwana 28 kake buƙata ba, cikakken magani ne za a ɗora ka a kai. Kuma ka roƙa a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, don mutane HIV kawai suke tsoro alhali a binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 masu HIV tsakanin shekara 15 zuwa 49 kashi 1.4 ne cikin ɗari, masu ciwon hanta B kuwa kashi 8.1 na manya, kuma ya fi HIV saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Wanda bai taɓa yin allurar rigakafinsa ba ana so ya fara ta da wuri, cikin awa 24 in da hali. Wanda kuma dama yana da shi dole likita ya sani kafin a ba shi TLD, saboda biyu daga cikin magungunan suna danne ƙwayar hantar ma, in aka tsayar bayan kwana 28 tana iya tasowa da ƙarfi.

PEP da allurar rigakafin nan kemis ɗin unguwa ba shi da su, lab ba ya bayarwa, mai gargajiya kuwa ba a ma maganarsa. A kwana ukun farko asibiti ya cinye gasar babu abokin karawa.

Yanzu kemis. Kowa ya san yadda ake yi, sai an bari layin ya yi shiru bayan isha'i, ka tsaya kamar katin waya ka zo saya har sai matar da ta zo sayen maganin zazzaɓin yaro ta fita, sannan ka matso ka rage murya ka ce "a haɗa min na sanyi". Shi kuma ba zai tambaye ka yaushe abin ya faru ba, zai ɗauko almakashi ya yanko Ampiclox huɗu, cipro huɗu, Flagyl, ɗan kafso ja da yalo, wani lokacin har da na ciwon jiki, ya zuba a farar leda ya ƙulle ya ce safe da yamma. Abin da ya sa ake son wannan ƙofar a fili yake, ba kati ba layi ba tambaya, kuɗi kaɗan, kuma ba wanda zai kalle ka. Matsalar ita ce abin da ke cikin ledar. Ƙwayar gonoriya, wato ciwon sanyi, ta daɗe da gagarar su penisilin da tetracycline da cipro a yawancin duniya, shi ya sa yanzu allurar ceftriaxone ake yi mata. Klamidiya, wata cutar saduwa mai kama da gonoriya, tana buƙatar doxycycline na cikakken kwana 7, ƙwaya huɗu ba za su kashe ta ba. Tunjere allurar benzathine penisilin yake so. HIV da ciwon hanta da herpes kuwa bairos ne, duk antibayotik ɗin da ke cikin shagon in ka shanye shi bai dame su ba. Abin da haɗin yake yi shi ne ya rage zafin fitsarin da ɗigar mugunyar na ɗan lokaci sai mutum ya ɗauka ya warke ya koma wa iyalinsa, sannan in daga baya ya je lab aka ɗauki samfur ba abin da zai tsiro saboda maganin ya daƙushe ƙwayar bai kashe ta ba, an ɓata gwajin kenan. Al'adar nan ta shan Ampiclox biyu da an gama saduwa wai don wanke ciki ita ma haka, ba ta hana ciki ba ta hana cuta.

Wani zai ce ai ya gani a intanet a Amurka ana ba da doxycycline bayan saduwa don rigakafi. Gaskiya ne, amma ga wani rukuni na musamman ake ba, maza masu saduwa da maza da makamantansu da suka taɓa kamuwa kwanan baya, a ƙarƙashin kulawar likita, kuma da aka gwada shi a kan mata a Kisumu ta ƙasar Kenya bai nuna ya rage kamuwa ba. Ba hujja ba ce ta zuwa a haɗo leda.

Sai dai kar in yi wa kemis rashin adalci. Na farko akwai bambanci tsakanin shagon magani na unguwa, wanda lasisinsa ma bai ba shi damar yin allura ko sayar da antibayotik haka kawai ba, da babban famasi mai ƙwararren masanin magunguna, shi wannan na biyun zai iya ba ka shawara ta gaskiya ya tura ka inda ya dace. Na biyu akwai abu biyu da kemis ya fi kowa sauri a kai. Ɗaya maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa irin su Postinor-2, ana sha cikin awa 72, da wuri ya fi, in an wuce haka akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe da ake sawa a asibiti har zuwa kwana 5. Ki sani dai shi ciki kawai yake tarewa, ba ruwansa da cuta. Ɗayan kuma kayan gwajin HIV na gida, zan zo kansa. In likita ya rubuta maka magani ma a nan za ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, jabun magani ya yi yawa.

Mai gargajiya ba zan daɗe a kansa ba. Kun san su, mota da lasifika a bakin tasha ana lissafo sanyin mara, sanyin ƙashi, sanyi mai hana haihuwa, jarka ɗaya tana maganin duka, yanzu kuma sun koma TikTok da WhatsApp ana turawa har Yamai da Kumasi. Ina girmama ilimin itatuwa, amma babu wani jiƙo ko gari da aka tabbatar yana kashe gonoriya ko tunjere ko HIV. Abin da yake sa ake rantsewa ya yi aiki shi ne waɗannan cututtukan suna da halin lafawa da kansu. Tunjere yakan fara da gyambo guda ɗaya marar zafi a gaba, kamar sati uku bayan saduwa, ko an sha magani ko ba a sha ba cikin sati uku zuwa shida zai bushe ya ɓace, sai a ce jiƙo ne, alhali cutar ta shige jini ne, bayan wasu makonni ta fito da ƙuraje har a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace, ta yi shiru na shekaru tana jiran ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko jaririn da ke ciki. Herpes ma haka, ƙurajen ruwa masu zafi su fito su warke su dawo. Mata kuma dan Allah batun matsi da cusa garin magani da tsarki da ruwan kanwa ko lemon tsami ko Dettol bayan saduwa, wannan yana ƙona fatar wajen ne ya kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron gaban, hanyar shigar cuta yake ƙara buɗewa.

Lab mai zaman kansa shi ne wanda ya fi rikitar da mutane, don yana da amfani sosai kuma yana da tarko sosai. Amfaninsa, ba layi, ba wanda ya san ka, ka biya a ɗebi jini ka dawo da yamma ko a turo maka ta waya. Gwajin jini na HIV da tunjere da ciwon hanta B da C yawancin lab masu rajista suna yin su da kyau. Amma sai ka san yaushe za ka je da abin da za ka ce a yi maka, in ba haka ba su za su zaɓa maka. Gwajin HIV iri-iri ne. Na tsinken yatsa da aka saba yi garkuwar da jiki ya haɗa yake nema, yana iya fara nunawa daga kamar kwana 23 amma ba a sakankancewa da shi sai an cika kwana 90. Akwai wanda ake ɗibar jini daga jijiya a sa a na'ura, mai neman garkuwar da kuma wani ɓangare na ƙwayar kanta da ake kira p24, shi daga kwana 18 zuwa 45 yake kamawa, saboda haka in ka yi shi bayan sati shida da 'yan kwanaki ya fito ba komai hankalinka zai iya kwanciya sosai. Sai PCR mai neman ƙwayar kai tsaye, kwana 10 zuwa 33, yana da tsada kuma ba ko'ina ake yi ba. Wanda ya sha PEP lissafinsa daban ne, maganin yana iya jinkirta nunawar, shi ya sa ake gwada shi bayan ya gama sannan a maimaita a wata uku. Tunjere kuma a gwada a sati shida a sake a wata uku, in gwajin farko da ake kira VDRL ya nuna akwai a tabbatar da wani gwajin mai suna TPHA kafin a tayar da hankali don VDRL yakan yi ƙarya wani lokacin, har ciki ko zazzaɓin cizon sauro kan sa ya nuna.

Tarkon yana wajen gwajin fitsari da na auduga. Ka je ka ce kana zargin infekshan, a ba ka 'yar kwalba ka yi fitsari, mace kuma a ba ta tsinken auduga ta shiga banɗaki ta goga da kanta, bayan kwana uku a miƙo takarda an rubuta Staphylococcus aureus, a ƙasa an jera magunguna da alamar tarawa ɗaya, biyu, uku a gaban kowanne. Daga nan an shiga, allurai na sati biyu, a koma a sake tes a ce saura kaɗan, akwai waɗanda suka shekara suna maganin staf, wasu har aure ya yi tsami a kansa. Wallahi wannan abin yana ba ni takaici. Staf ƙwaya ce da take zaune a fatar mutane masu lafiya da cikin hancinsu, in auduga ta taɓa fata ko hannu za ta tsiro a farantin da lab yake shuka ƙwayoyin cuta a kai, tana iya kawo maruru ko ciwo in ta shiga rauni, amma ba ta cikin cututtukan da ake lissafawa na saduwa. Su kuma waɗanda ake nema na ainihi wannan gwajin ba ya kama su da kyau. Ƙwayar gonoriya ba ta da juriya a wajen jiki, tana mutuwa kafin a kai ta faranti in ba an yi sauri an kuma yi amfani da abincin shuka na musamman ba, klamidiya kuwa sam ba ta tsirowa a irin wannan farantin. Kenan za a iya ba ka takardar staf alhali klamidiya ce take cin ka, ko a ce ba komai alhali akwai. Gwajin da yake kama su biyun shi ne PCR, da fitsarin farko-farkon da ya fito bayan ka yi aƙalla awa ɗaya ba ka yi fitsari ba, ko audugar gaba ga mace, ana yin sa daga sati biyu bayan saduwar, kuma manyan lab na birane ne suke da shi. Kafin ka biya ko sisi ka tambaya kai tsaye, kuna yin PCR na gonoriya da klamidiya? In suka fara kame-kame ka san babu. In ta baki ko ta dubura aka sadu a faɗa, don fitsari ba zai nuna abin da ke maƙogwaro ba. Sannan lab wurin gwaji ne, mai lab ba shi ne zai rubuta maka magani ba, ka ɗauki takardar ka kai wa likita.

Gwajin gida na HIV irin OraQuick yana da daɗin sha'ani ga mai jin kunya, ka goga a dasashin sama da na ƙasa ka tsoma a 'yar kwalbar ruwan ka jira minti 20, layi ɗaya babu, layi biyu sai an je asibiti an tabbatar don shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Amma shi ma sai bayan wata uku ake dogara da shi, wanda ya saya washegari ya ga layi ɗaya ya yi hamdala ya yi asarar kuɗinsa ne kawai.

To asibitin gwamnati. Na san abin da yake hana mutane zuwa kuma ba ƙarya suke ba, layin kati tun asuba, likita ɗaya mutum ɗari, ga tsoron ka haɗu da maƙwabciya a benci tana tambayar "lafiya dai ko?", ga wata nas ɗin da za ta ɗaga murya ta maimaita abin da ka faɗa mata a asirce. Budurwa ko bazawara ta fi kowa shan wannan. Duk da haka abin da ke can babu shi a sauran wuraren. Gwajin HIV da PEP da maganin HIV kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, ko da za ka biya kuɗin kati, ka tambayi ɓangaren ART, wato na maganin HIV, ko inda aka rubuta Heart to Heart, ma'aikatan wajen sun saba da irin wannan maganar kullum ita suke ji, kuma dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 ta haramta a fallasa matsayin mutum ba da izininsa ba. Dabara mai sauƙi ita ce ka tsallake unguwarku ka tafi asibitin wani gefen gari. Ƙaramin asibitin sha-ka-tafi zai iya gwada ka amma ba lallai yana da PEP a ajiye ba, don haka in kana cikin awa 72 ka wuce babban asibiti kai tsaye, a Nijar ma haka, ƙaramin asibitin unguwa da ake kira CSI zai iya dubawa ya tura ka gaba. In da kuɗi a hannu asibitin kuɗi mai likita na gaske yana ba da sirri da sauri, illa dai wasunsu ba su da PEP sai sun tura ka na gwamnatin. Wadda aka yi wa fyaɗe akwai cibiyoyi na musamman da suke haɗa komai wuri guda kyauta, magani da gwaji da takardar shaida in za a je kotu, irin su Waraka a asibitin Murtala a Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, kuma an fi so ta je kafin ta yi wanka ko ta wanke kayan, amma ko ta riga ta yi ta je.

In alamu sun riga sun fito ba a jiran sati biyu. Namiji mai gonoriya yakan ga mugunya fara ko ruwan ɗorawa tana ɗiga da zafin fitsari kamar ana yanka shi cikin kwana 2 zuwa 7, wani har sati biyu. A asibiti ko babu PCR suna da tsarin da suke bi, su duba su yi maganin cututtukan da suka fi kawo wannan alamar a tare, yawanci allurar ceftriaxone guda ɗaya da doxycycline safe da yamma na kwana 7, mace mai fitar ruwa mai kumfa da ƙarni a ƙara mata metronidazole, mai gyambo a yi masa benzathine a ɗuwawu. Wani zai ce to ai shi ma haɗi ne kamar na kemis. Bambancin shi ne an duba ka da ido, an zaɓi maganin da har yanzu yake cin ƙwayar, an ba da shi cikakke, an kuma tambayi ko akwai ciki ko penisilin yana tayar maka da borin jini. Mai ciki ba ta shan doxycycline, azithromycin ake ba ta. Na faɗi sunayen ne don ka gane ko an yi maka daidai, ba don ka je ka haɗo da kanka ba. Doxycycline a sha da ruwa cikakken kofi kar a kwanta nan take don yana ƙona maƙoshi, kuma a raba shi da fura da nono da maganin olsa da na ƙarin jini da kamar awa biyu, TLD ma ba ya shiri da maganin olsa da na ƙarin jinin, a gaya wa mai ba da maganin duk abin da ake sha. Ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi ga mace, ko kumburin maraina ga namiji, wannan na ranar ne ba na gobe ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan gwaji ko ba a ga komai ba, yawancin matan da suke da klamidiya ba sa jin komai, gonoriya ma da yawa haka, maza ma ba duka suke ganin alama ba. A shiru take hawa ta kumbura hanyar ƙwai ta toshe ta, sai bayan shekaru a zo ana neman haihuwa ko a sami ciki a wajen mahaifa. A ɗaya gefen kuma ba duk ƙaiƙayi da farin ruwa ne cutar saduwa ba, farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi yawanci kandida ce, budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba ma tana yi, musamman bayan shan antibayotik ko ga mai ciwon suga. Jini a ƙarshen fitsari ga wanda yake shiga rafi ko aikin fadama tsargiya ce ta fi yawa. Zaman masai kuma ba ya ba mutum gonoriya, ko da yake na san wannan bayanin ya rufa wa magidanta da yawa asiri.

Wajen da maganin asibitin ma yake rushewa shi ne abokin kwanciya. An yi wa mutum allura ya warke, ya koma wa matar da ba a yi wa magani ba, cikin sati ya sake ɗauka, sai ya ce maganin asibiti ba ya aiki. A gidan mata biyu ko uku in maigida ya kamu to kowane ɗaki sai an yi magani a lokaci guda ko da wata ta ce ita lafiyarta ƙalau, a kuma dakata da kwanciya har kwana 7 bayan kowa ya gama nasa, sannan a sake gwaji bayan wata uku. Faɗar ce mai wuya, na sani, wasu mazan sai su sayo ƙwayoyi su ba matar su ce na shawara ne ko na basir, wannan zalunci ne, in tana da ciki fa, ko maganin bai dace da ita ba? Likita ko nas za su iya taya ka faɗa ba tare da an shiga tonon waye ya kawo ba, kuma sau da yawa ma ba a iya sanin waye, tunda cutar tana iya zama watanni a jiki shiru. Masu shirin aure su ma su lura, a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure har da HIV da ciwon hanta, amma takardar da aka karɓa sati biyu bayan wata saduwa ba ta ce komai a kan wannan saduwar ba, sai an maimaita.

In kuɗin hannunka kaɗan ne ga yadda ni zan kashe su. Kuɗin mota zuwa babban asibiti a ranar farko, PEP da gwajin farko ba sai ka biya ba, mace ta biya ta kemis ta sayi na hana ciki in ba ta so. In alama ta fito a koma asibitin a sayi abin da aka rubuta cikakke. Sauran canjin a ajiye shi don PCR na gonoriya da klamidiya a sati na biyu in ana yi a garinku, in ba a yi ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru shi zai yanke ko a yi maka maganin haka nan. Gwajin jini na tunjere da HIV a sati na shida, na wata uku kuma ka koma inda ake yi kyauta, kafin nan kuma roba ko haƙuri.